Yadda Shugabannin Sababbin Kamfanoni Ke Tafiyar da Yininsu: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu shirin kafa kamfani, da waɗanda suka riga suka kafa, da iyalansu da ke zaman jiran wanda bai dawo gida ba. Kamfanin da ake nufi shi ne irin wanda mutum biyu ko uku ke farawa da wata sabuwar dabara, su nemi kuɗin masu zuba jari, suna sa ran ya bunƙasa cikin sauri, galibi a harkar fasaha.

Da gaske ne sai mutum ya riƙa tashi ƙarfe huɗu na asuba kafin kamfaninsa ya yi nasara?

A'a. Wanda aka fi kafa hujja da shi shi ne Tim Cook na Apple, da aka sani da tashi wajen ƙarfe huɗu, ya karanta saƙonnin masu sayen kayan kamfanin, sannan ya fita motsa jiki. Masu yaɗa labarin sukan tsallake abu biyu. Cook yana kwanciya da wuri. Kuma ba shi ya kafa Apple ba, a 2011 ya karɓi ragamarsa, lokacin da kamfanin ke da dubban ma'aikata.

Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon a 1994, ya faɗi akasin haka a wata hira da aka yi da shi a Washington a 2018. Ya ce yana barcin awa takwas, da safe kuma ba ya gaggawa: ya sha kofi, ya duba jarida, ya karya da yaransa, ba ya sa taron farko sai ƙarfe goma. Duk maganar da ke buƙatar zurfin tunani kafin abincin rana yake yin ta, in ta taso da yamma sai ya ce a bari sai gobe. Dukansu biyu sun riƙe manyan kamfanonin duniya. Abin da ya haɗa su shi ne kowanne ya san lokacin da kansa ya fi aiki, ya kuma hana kowa taɓa wannan lokacin.

To yaya yinin mai sabon kamfani yake a zahiri?

Ya danganta da inda kamfanin ya kai, kuma nan ne yawancin labaran da ake karantawa ke yaudarar mutum, domin bayan an yi nasara ake ba da su.

A shekarar farko, lokacin da ku uku ne, babu wani jadawali na a zo a gani. Kafin mutum ya sauko daga gado ya riga ya duba waya: mutum nawa suka yi rajista cikin dare, nawa suka fice, ko manhajar ta tsaya. Sai ga saƙon wani kwastoma da aka cire wa kuɗi sau biyu, kuma babu wanda zai amsa sai shugaban kamfanin da kansa. Ya amsa, ya mayar da kuɗin, ya rubuta wa abokin aikinsa inda matsalar take. Da rana ya kira wasu masu amfani da manhajar ya ji inda take ba su wahala. Da yamma ya zauna da takardun rajista da na haraji da bai taɓa cikawa ba a rayuwarsa. Shi ne mai talla, shi ne akanta, shi ne mai sayo kujerun ofis. Aikin da ya sa ya kafa kamfanin tun farko, wato ƙera abin sayarwa, sau da yawa sai dare ya raba yake samun zama a kansa.

Idan ma'aikata suka kai ashirin ko talatin, yinin yakan juye. Rabinsa ya tafi wajen ɗaukar ma'aikata, da ganawa da kowane shugaban sashe, da sasanta mutum biyu da ba sa ga maciji. Mai kamfanin da ya saba rubuta manhaja da hannunsa sai ya wayi gari ya yi mako bai taɓa ba. Wasu wannan sauyi ya fi yawan aikin cin ransu.

Lokacin neman jari kuwa wata duniya ce daban. Makonni ko watanni mutum na maimaita bayani ɗaya ga masu kuɗi daban-daban, yawancinsu su ce a'a, wasu ma ba za su amsa ba, kuma duk da haka kamfanin na jiran wanda zai tafiyar da shi.

A 2018 malamai biyu na jami'ar Harvard, Michael Porter da Nitin Nohria, sun fitar da sakamakon bin diddigin lokacin shugabannin kamfanoni 27. Sun samu cewa suna aikin awa 62.5 a mako, kashi 72 cikin ɗari na lokacin aikin a taro yake ƙarewa, suna barcin awa 6.9 a dare, kuma suna taɓa aiki a yawancin ranakun hutunsu. Sai dai manyan kamfanoni ne aka duba, masu sakatarori da direbobi. Mai sabon kamfani yana iya yin awannin nan ko fiye, ba tare da mai ɗauke masa ko da amsa waya ba.

Awa nawa ya kamata a yi a mako?

Mashahuran ba su yi ittifaƙi ba. Elon Musk ya shaida wa jaridar New York Times a watan Agustan 2018 cewa yana aikin awa 120 a mako, lokacin da Tesla ke fama da ƙera motar Model 3, har yana kwana a masana'anta, wani lokacin sai da magani yake samun barci. Marissa Mayer, ɗaya daga cikin ma'aikatan farko na Google, ta ce a farkon kamfanin akan yi awa 130. A ɗaya ɓangaren, Tobi Lütke na Shopify, kamfanin manhajar buɗe shago a intanet, ya rubuta a ƙarshen 2019 cewa bai taɓa kwana yana aiki ba, ƙarfe biyar da rabi yana gida, kuma yana buƙatar barcin awa takwas ko kusa da haka.

A yi lissafi. Mako awa 168 ne. Wanda ya yi 120 ya rage masa 48, wato ƙasa da awa bakwai a rana, a ciki zai yi barci, ya ci abinci, ya yi wanka, ya ga iyalinsa. Musk da kansa bai kira lokacin da daɗi ba, daga baya ma ya ce ya rage.

Akwai wani bincike da ya fi maganar kowane attajiri amfani. Masanin tattalin arziki John Pencavel na jami'ar Stanford ya koma kan bayanan ma'aikatan masana'antun harsashi na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu mata, ya fitar da sakamako a 2014. Har zuwa kusan awa 49 a mako, kowace awa da aka ƙara tana ƙara yawan abin da aka ƙera daidai gwargwado. Daga nan sai amfanin ya fara raguwa, har ya zama abin da ake samu a awa 70 bai wuce na awa 56 da wani abin kirki ba. Ya kuma ga cewa hana ma'aikata hutun kwana ɗaya a mako na rage aikin. Aikin hannu ke nan, da ake iya ƙirgawa. Aikin shugaban kamfani yanke shawara ne, kuma shawara ɗaya da aka yanke a gajiye, kamar ɗaukar mutumin da bai dace ba ko sa hannu a yarjejeniyar da ba a karanta da kyau ba, na iya cinye aikin wata shida.

Sai batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun sanar a watan Mayun 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu yin awa 35 zuwa 40, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17.

A ganina, duk wanda ya ce maka za ka kafa irin wannan kamfani kana yin awa arba'in kullum tun daga ranar farko bai gaya maka gaskiya duka ba. Akwai makonnin da ba makawa: gab da ƙaddamar da kaya, ko ranar da tsarin ya rushe. Abin lura shi ne ko makonnin nan suna da ƙarshe. In an shekara ana cewa "bayan wannan watan za mu huta", to ba matsin lokaci ba ne, tsarin aikin ne ya lalace.

Mene ne 996 da ake yawan ambata?

Tsarin aiki ne da ya yaɗu a kamfanonin fasaha na ƙasar Sin: tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, awa 72 ke nan. Jack Ma na Alibaba ya kira shi babbar albarka a 2019, ya sha suka. A watan Agustan 2021 kotun ƙolin ƙasar da ma'aikatar kula da ƙwadago suka bayyana cewa ya saɓa wa doka. Har yanzu wasu masu sababbin kamfanoni a wasu ƙasashe na alfahari da shi.

Ina iya rage barci na saba?

Jiki ba ya sabawa, mutum ne ke daina lura. A wani gwaji da aka yi a jami'ar Pennsylvania aka wallafa a 2003, an taƙaita barcin wasu mutane zuwa awa shida na tsawon kwana goma sha huɗu. A ƙarshe hankalinsu da saurin amsawarsu sun faɗi zuwa kusan matakin wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Abin tsoron shi ne da aka tambaye su, sai suka ce ɗan barci-barci kawai suke ji. Wani bincike na shekarar 2000 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 zuwa 19 idonsa biyu yana aiki kamar wanda ya sha barasa har ta kai matakin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi. Likitocin barci awa bakwai ko fiye suke ba manya shawara.

Arianna Huffington na cikin waɗanda suka kafa jaridar intanet ta Huffington Post a 2005. Bayan shekara biyu ta yanke jiki ta faɗi a ofishinta na gida saboda gajiya, ta bugi tebur, ƙashin kuncinta ya karye. Jiki magayi. Daga baya ta kafa wani kamfani a 2016 wanda harkarsa ke nan, hutu da lafiyar ma'aikata.

Taro ya cinye mini yini. Me wasu ke yi?

Paul Graham, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Y Combinator a 2005, wato cibiyar da ke zuba jari a sababbin kamfanoni tana horar da masu su, ya yi wani bayani a 2009 da har yau ake komawa kansa. Ya ce jadawali iri biyu ne. Manaja yana yanka yininsa awa-awa, taro ɗaya a wurinsa gurbi ɗaya ne kawai. Mai ƙera abu, kamar mai rubuta manhaja ko mai zane, rabin yini yake buƙata a jere, don haka taron minti talatin da ƙarfe uku na iya kashe masa yammar gaba ɗaya: kafin taron ba zai fara abu mai nauyi ba, bayan taron kuma lokaci ya ƙure. Matsalar mai sabon kamfani ita ce shi duka biyun ne. Graham ya ce shi sai ya tattara ganawa da mutane a ƙarshen yini.

Jack Dorsey, lokacin da yake riƙe da Twitter da kamfanin biyan kuɗi na Square tare, ya bayyana a 2011 cewa kowace rana da abin da ya ware mata: Litinin gudanarwa, Talata kayan da ake ƙerawa, Laraba talla da bunƙasa, Alhamis abokan hulɗa, Juma'a ɗaukar ma'aikata da yanayin zaman kamfani. Asabar hutu, Lahadi nazari da shirin mako. Kada a manta dai, awa takwas yake yi a kowane kamfani a rana, sha shida ke nan, don haka dabarar raba ranakun za a ara, ba yawan awannin ba.

Shopify ya ɗauki mataki mai tsauri a watan Janairun 2023: ya soke duk wani taro mai maimaituwa da ya wuce na mutum biyu, ya hana taro ranar Laraba, manyan taruka kuma aka killace su a wasu awanni na Alhamis. Kamfanin manhaja na Asana ma ya daɗe da hana taro ranar Laraba. Ƙaramin kamfani ba ya buƙatar sanarwa. Shugaban ya buɗe kalandarsa, ya toshe awa uku na safe kwana uku a mako, ya kashe sanarwar waya, ya gaya wa mutanensa cewa in gobara ce a kira shi, in ba ita ba a jira.

Iyali fa? Ana iya haɗa su da wannan aiki?

Ana iyawa, amma ba da niyya kaɗai ba. Misalin da na fi so shi ne na Marc Randolph, wanda suka kafa Netflix tare da Reed Hastings a 1997. Ya ce fiye da shekara talatin, duk ranar Talata ƙarfe biyar na yamma yake barin ofis ya fita da matarsa. In akwai rikici, to a warware shi kafin biyar. In wani na da magana, ya biyo shi su yi ta a hanyar zuwa mota. Ƙarfin dabarar yana cikin ƙanƙantarta. Wanda ya ce "zan riƙa ba iyalina lokaci" ya yi alkawarin da kowane saƙon gaggawa zai iya karyawa. Wanda ya ce "Talata ƙarfe biyar" ya kafa abin da ma'aikata da masu zuba jari za su iya gani su kauce masa, har su ma su yi koyi.

Bezos ya ce ba ya son a riƙa maganar daidaita aiki da gida kamar sikeli ne, wanda sai an rage wa ɗaya ake ƙara wa ɗaya. A wurinsa in mutum ya ji daɗi a gida yakan zo aiki da kuzari, in aiki ya yi daɗi ya koma gida da fara'a. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai yaro ɗan shekara huɗu da ke jiran a kwantar da shi bai san wannan falsafa ba, awa ɗin yake so, kuma awa ɗaya ba ta zama a wuri biyu.

Akwai abin da labaran nan ba sa faɗa. Bayan kusan kowane mai aikin awa tamanin akwai wani da ke ɗauke da gidan: mata, miji, uwa, ko mai aiki da ake biya. Matan da ke kafa kamfani sun fi kowa sanin wannan, domin sau da yawa aikin gida da renon yara ba sa raguwa don sun zama shugabanni, kuma a cikin jarin da ake zubawa a sababbin kamfanonin Amurka, kason da kamfanonin da mata zalla suka kafa ke samu bai wuce kashi biyu cikin ɗari ko kusa da haka ba. Mark Zuckerberg ya ɗauki hutun wata biyu da aka haifi 'yarsa a ƙarshen 2015, abin ya yi kyau, amma Facebook na lokacin na da dubban ma'aikata. Mai kamfanin mutum biyar da ke jiran haihuwa sai ya fara shiri watanni kafin lokacin, ya rubuta wa zai sa hannu a kan me, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a fara, a zauna da wanda ake rayuwa tare a yi maganar da ba ta da daɗi: kuɗin ajiya nawa za a taɓa, wata nawa za a yi ba albashi, kuma wace alama ce in aka gani za a tsaya.

Me ya fi hana masu kamfani barci?

Kuɗi, musamman albashin mutane. Kowane mai sabon kamfani yana yawo da lamba ɗaya a kansa: kuɗin da ke banki a raba da abin da ake kashewa a wata, ya ba ka watannin da suka rage. Galibi akan nemi jarin da zai kai wata 18 zuwa 24, neman na gaba kuma na iya cin wata shida, don haka hankali ba ya daɗewa a kwance.

An ga wannan ƙarara a watan Maris na 2023. Ranar Alhamis 9 ga wata masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 daga bankin Silicon Valley, inda dubban sababbin kamfanoni ke ajiya. Washegari Juma'a hukumomi suka rufe shi. Inshorar ajiya a Amurka dala 250,000 take tsayawa, kuɗin da bai kai albashin wata ɗaya ba a kamfanoni da yawa. Shugabanni suka kwashe Asabar da Lahadi a kan waya, suna neman rance, suna lissafin wa za a biya wa zai jira, sai da yammacin Lahadi gwamnati ta ce za a biya kowa kuɗinsa. Babu wani tsarin safiya da ke maganin irin wannan ƙarshen mako. Abin da ke ragewa shi ne raba ajiya a banki fiye da ɗaya, da ware rana ɗaya a mako don duba lissafi, maimakon leƙa asusu sau goma a rana da tsakar dare.

Ta yaya zan gane gajiyata ta wuce ta yau da kullum?

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gajiyar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa cikin kundinta, ta ba ta alamu uku: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga ran mutum har yana yi masa kallon banza, da raguwar ƙwazo. Ta biyun ce ta fi saurin tona asiri. Gajiyar yau da kullum barcin kwana biyu na kore ta. Amma in kwastoman da a da kake murnar jin muryarsa ya zama abin haushi, in labari mai daɗi ya zo ba ka ji komai ba, to abin ya yi nisa.

Michael Freeman, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar California da ke San Francisco, ya jagoranci wani bincike a 2015 a kan masu kafa kasuwanci 242. Kashi 49 cikin ɗari sun ce sun taɓa fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, a rukunin da aka kwatanta su da shi kuwa kashi 32 ne. Binciken ƙarami ne kuma bakin mutanen aka bi, amma ya buɗe maganar da aka daɗe ana rufewa. Mai kamfani yana cikin wani irin kaɗaici: a gaban ma'aikata sai ya nuna ƙarfin gwiwa, a gaban masu zuba jari sai ya nuna komai lafiya, a gida kuma ba ya son tayar da hankali. Shi ya sa da yawa ke haɗa ƙaramin rukuni da wasu masu kamfanoni da ba sa gasa da su, su riƙa haɗuwa wata-wata. In rashin barci, ko baƙin ciki, ko tunanin cutar da kai ya shigo, wannan aikin likita ne, ba na abokai ba.

In ni na zaɓi yin aiki dare da rana, ina ruwan ma'aikata?

Da ruwansu. Saƙon da shugaba ya tura ƙarfe ɗaya na dare, ko ya rubuta "ba gaggawa", umarni ne a idon sabon ma'aikaci. Duk manhajojin saƙo na yanzu suna ba da damar a rubuta da dare a sa ya tafi da safe. Kuma a tuna, wanda ya kafa kamfani yana da babban kaso a cikinsa, injiniya na goma sha biyu kuwa ɗan guntun kashi ɗaya cikin ɗari ne nasa, wanda galibi sai ya shekara huɗu yake mallakarsa duka. Neman su yi sadaukarwa iri ɗaya rashin adalci ne.

Bill Gates ya faɗa wa ɗaliban wata jami'a a Arizona a 2023 cewa a farkon Microsoft bai yarda da hutu ba, tagar ofishinsa na kallon wurin ajiye motoci, yana lura da wa ya tafi da wuri, kuma ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya gane kuskure ne. Dustin Moskovitz, cikin waɗanda suka kafa Facebook, ya rubuta a 2015 cewa da ya yi barci ya motsa jiki a shekarun farko, da ya fi amfani ga kamfanin. Doka ma ta fara shiga: Faransa tun Janairun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna ƙa'idar kashe waya bayan tashi, Ostareliya ta kafa tata a Agustan 2024.

Dole ne in bar aikina kafin in fara?

Ba dole ba ne. Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple a 1976, bai bar aikinsa a kamfanin HP nan take ba. Phil Knight ya yi shekaru yana aikin akanta yana sayar da takalma a gefe kafin a samu Nike. Sara Blakely tana tallan na'urar tura takardu ta fax gida-gida da rana, da dare tana haɗa kamfaninta na tufafi, Spanx, da dala 5,000 da ta tara. Wani bincike na jami'ar Wisconsin da aka wallafa a 2014, a kan Amurkawa fiye da 5,000, ya samu cewa waɗanda suka fara suna riƙe da aikinsu sun fi tsira daga durƙushewa da kashi 33 cikin ɗari. Kuɗin da ake biya shi ne dare da ƙarshen mako, don haka a sa wa'adi. A kuma karanta takardar ɗaukar aiki da kyau, domin wasu kamfanoni na da iko a kan abin da ma'aikacinsu ya ƙirƙira.

Na haura arba'in, ga yara. Na makara?

Ba ka makara ba. Pierre Azoulay na jami'ar MIT a Amurka da abokan aikinsa sun duba bayanan miliyoyin waɗanda suka kafa kamfani a Amurka, suka samu cewa a cikin kamfanonin da suka fi kowa saurin bunƙasa, ɗaya cikin dubu, matsakaicin shekarun wanda ya kafa 45 ne. Sanin harkar da sanin mutane na rama awannin da ɗan ashirin ke iya zubawa.

Motsa jiki?

Minti 150 zuwa 300 a mako Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, tafiya da sauri ma ta wadatar. Ganawar mutum biyu ana iya yin ta a tafe.

Yaushe zan iya tafiya hutu ban duba waya ba?

Ranar da wani zai iya yanke shawara ba ka nan, kuma wannan ranar kai ke kawo ta. Da yawa suna cewa babu wanda zai iya, alhali ba su taɓa barin kowa ya gwada ba. A fara da kwana biyu. A rubuta abin da mataimaki zai yanke da kansa, da adadin kuɗin da zai iya kashewa ba tambaya, da abu biyu ko uku da suka isa a kira. Duk abin da ya tsaya cak a kwana biyun nan ya nuna maka inda kamfanin ya rataya a wuyanka, sai a gyara kafin a gwada mako guda.

Akwai dalilin son kai ma. Noam Wasserman ya bi kamfanoni 212 na Amurka, ya wallafa a 2008 cewa kafin su cika shekara uku rabin waɗanda suka kafa su ba su ne shugabanni ba, kuma waɗanda suka kai kamfaninsu kasuwar hannun jari suna kan kujera ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Masu zuba jari na lura da shugaban da komai sai ya bi ta hannunsa.

Aikin kwana huɗu a mako zai yiwu a sabon kamfani?

A gwajin da aka yi a Birtaniya daga Yuni zuwa Disambar 2022, kamfanoni 61 masu ma'aikata kusan 2,900 sun rage lokacin aiki ba tare da rage albashi ba, kuma 56 daga cikinsu suka ci gaba bayan gwajin. Kamfanin 37signals, mai manhajar Basecamp, ya daɗe yana yin kwana huɗu a watannin bazara. Sai dai kamfanonin gwajin su suka kawo kansu, yawancinsu kuma sun riga sun san abin da suke sayarwa da wanda ke saya. 37signals ma da ribarsa yake tafiya, ba ya tseren cika alkawarin masu zuba jari. Kamfanin da ke da kuɗin wata tara a banki kuma bai gano kasuwarsa ba zai sha wuya da wannan tsari. A irin wannan mataki abin da ya fi yiwuwa shi ne kwana ɗaya cikakke a mako da ba a taɓa aiki, a raba kwanakin tsakanin waɗanda suka kafa kamfanin don kada manhaja ta tsaya babu mai dubawa.